Labarin Masu Binciken Tsiro da Ƙwari a Ƙasar Kura da Bunkure

Kura da Bunkure garuruwa ne na ƙasar Kano, dukansu suna kudu da birni. Kura tana bisa hanyar Zariya, Bunkure kuwa tana gabas da ita, wajen hanyar Rano. A zamanin da, abin da aka fi sanin Kura da shi shi ne rini, gama baƙin rawanin nan da ake kira ɗan Kura har Agadas fatake ke kai shi, Buzaye suna saye da tsada. Noma kuwa na damina ne kaɗai, gero da dawa da gyaɗa da wake, in ban da 'yan lambuna a fadama, inda ake ɗibar ruwa da jigo ana shuka albasa da ɗan abin da ba a rasa ba na alkama, domin alkaki da taliya. In kaka ta wuce, sai samari su ɗaura kayansu su tafi cin rani.

Yau ƙasar nan ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman rani na Nijeriya duka. In ana ba da labarin yadda aka yi haka, akan ambaci Gwamna, da injiniyoyi, da kuɗin da aka kashe. Amma akwai waɗansu mutane da ba a cika tunawa da su ba, watau masu binciken abubuwa masu rai, masana tsiro da ƙwari da cututtuka. Labarinsu za mu bayar a nan, mu ga hanyar da mutum ke bi ya zama ɗayansu, da yadda hanyar nan ta sāke tun daga zamanin Turawa har zuwa yau.

Asalin aikin a Samaru

Tushen binciken aikin gona a Arewa yana Samaru ta Zariya, inda Turawa suka kafa gonar gwaji cikin 1922. Abin da ya fi damunsu a lokacin shi ne auduga da gyaɗa, domin su ne jirgin ƙasa ke kwasa zuwa Ikko, a sa su a jirgin ruwa zuwa Ingila. Masu binciken duk Turawa ne, ma'aikatan Gwamnati. Mutum yakan gama jami'a a ƙasarsu, a ɗauke shi, a turo shi, ya yi ta zagayen aiki da hutu har ya kai ga fansho. Saboda haka Bature ɗaya yakan yi shekaru masu yawa yana bin iri ɗaya, ya san halinsa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ɗan ƙasa kuwa iyakarsa malamin gona. Shi ke auna fili, ya ƙirga tsiro, ya rubuta a littafi, amma ba shi ke yanke shawarar abin da za a gwada ba.

Da mulkin kai ya zo, sai Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya tsaya a kan a horar da 'yan Arewa su karɓi ayyukan da ke hannun baƙi. Cikin Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, aka kuwa mayar da sashen bincike na Samaru ƙarƙashinta, ya zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Wata jami'a ta Jihar Kansas a Amurka ta aiko da malamai suka taimaka wajen kafa sashen koyar da aikin gona da na likitan dabbobi, ita kuma ta riƙa karɓar samarin Arewa suna ƙaro ilmi a can. Cikin waɗanda suka bi wannan hanya akwai Ango Abdullahi, wanda ya yi karatun aikin gona a Ibadan da Kansas, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1979 zuwa 1986.

To, a lura da yadda hanyar mutanen wannan zamani take. Yaro yana gama digirinsa na farko, aiki na jiransa. A ba shi gida a Samaru, a ba shi sukolashif ya tafi waje, albashinsa na gudana, in ya komo da digiri na uku, wanda ake kiran mai shi dakta, ya tarar da kujerarsa da filin gwajinsa. Ba ya tunanin inda zai kwana baɗi, sai dai tunanin abin da zai shuka.

Zuwan ruwan Tiga

Cikin 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, aka naɗa Audu Baƙo Gwamna. Shi mutum ne mai son noma ƙwarai, ya kuwa lura ruwan da ke sauka da damina wucewa yake yi ya bar ƙasa a bushe wata bakwai. Sai ya sa aka shiga gina madatsun ruwa. Wadda ta fi duka girma ita ce ta Tiga, a bisa Kogin Kano, wadda aka fara cikin 1971 aka gama cikin 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sudan da Sahel, dabbobi suka yi ta mutuwa. Injiniyoyi daga ƙasar Holan suka tsara magudanan da za su kawo ruwa ya gangaro da kansa, ba tare da inji ba, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi wajen Bunkure, ɗaya ya nufi Kadawa da Kura. An shirya kashi na farko zai shayar da hekta 22,000, watau sama da eka 50,000, ko da yake ba a gama shi duka a lokacin ba. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Kawo ruwa aikin injiniya ne. Amma da ruwan ya iso, sai tambayoyi suka taso waɗanda siminti ba ya amsa su. Wane iri ne zai yi a nan da rani? Yaushe za a shuka shi? Kwana nawa za a bari tsakanin ban ruwa da ban ruwa? Wane ƙwaro ne zai zo, tun da yanzu akwai ɗanyen ganye shekara duka? Don amsa waɗannan ne Cibiyar Samaru ta riƙe tashar gwajin noman rani a Kadawa.

Alkama ita ce babban burin Gwamnati, domin burodi ya shiga gari, ana ta kashe kuɗi wajen sayo ta daga waje. A ƙasar Meksiko wani Ba'amurke mai suna Norman Borlaug, wanda ya fara aiki can cikin 1944, ya fitar da gajeriyar alkama mai yawan tsaba, wadda ba ta kwantawa in an sa mata taki. Saboda wannan aka ba shi kyautar Nobel cikin 1970. Irin nasa, kamar wanda ake kira Siete Cerros, aka kawo aka gwada a Kadawa. Abin da gwaji ya tabbatar shi ne, alkama a ƙasar Kano baiwar hunturu ce. In an shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, takan yi fure ta cika ido cikin sanyi. In an makara, sai zafin bazara ya riske ta tana ɗanya, tsabar ta motse. Manomi kuwa sau da yawa ba ya iya shuka da wuri, gama dawarsa ta damina ba ta bar gonar ba tukuna. Ka ga ashe maganar alkama ta koma maganar neman amfanin damina mai saurin nuna, wanda zai tashi ya ba ta wuri.

Cikin 1987 Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, manoman Kura da Kadawa suka shuka ta da yawa, suka sami kuɗi. Cikin 1992 aka ɗage hanin, ta waje ta komo da araha, sai mutane da yawa suka juya ga shinkafa da tumatir da masara. Daga nan Kura ta zama garin shinkafa, da masu turara ta da injinan casa, Kwanar Gafan kuma ta zama kasuwar tumatir da ake lodi zuwa Kudu.

Akwai wani amfanin Kadawa da ba kowa ya sani ba. Mai gyaran iri yakan ɗauki ƙurar furen wani tsiro ya sa a kan wani, ya shuka 'ya'yan, ya zaɓi na kirki, ya sāke shukawa, haka haka har iri ya zauna bisa hali ɗaya. In damina kaɗai zai jira, zuriya ɗaya zai samu a shekara. Amma da ruwan Tiga sai ya shuka a Samaru da damina, ya kawo Kadawa da rani, ya sami zuriya biyu. Dabarar da Borlaug ya yi ke nan a Meksiko, yana kai iri tsakanin arewacin ƙasar da kan duwatsu. Duk da haka, daga ranar da aka haɗa iri biyu zuwa ranar da za a miƙa wa manomi sabon iri, bayan an gwada shi a wurare dabam dabam, akan yi shekara takwas, ko goma, ko fiye. A riƙe wannan lissafi, gama za mu komo kansa.

Abin da ruwa ya zo da shi

Kowane alheri da ɗawainiyarsa. Ruwan da ke kwance cikin ƙananan magudanai ya zama gidan sauro, ya kuma zama gidan wata ƙaramar katantanwa wadda ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar nan a Alƙahira cikin 1851, amma sai cikin 1915 Robert Leiper ya bayyana yadda take zagayawa a Masar. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, abin ya shiga katantanwa ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka ko manomin da ke tsaye cikin shinkafa. Masana na jami'o'in Kano da Zariya da ɗalibansu sun sha zuwa ƙauyukan nan suna auna fitsarin 'yan makaranta, suna tsince katantanwa a bakin ruwa. Akwai magani yanzu wanda ake rabawa a makarantu, amma wanda ya warke in ya koma ruwan sai ya sāke kamuwa. Haka kuma kacala ta cika magudanai tana tare ruwa, tana ba jan baki mafaka, waɗansu gonaki kuma ruwa ya kwanta musu har kanwa ta fito. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar mutumin da zai zauna a kansa shekara da shekaru.

Lokacin tsanani

Cikin 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi. Albashin malamin jami'a ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata, kayan ɗakin bincike da ake sayowa daga waje suka gagara, motar zuwa Kadawa ta rasa mai. Turawan da suka rage suka tafi, 'yan ƙasa da yawa da aka kashe kuɗi aka horar suka bi bayansu, waɗansu Ingila da Amurka, waɗansu ƙasashen Larabawa da kudancin Afirka. Waɗanda suka zauna sun yi haƙuri ƙwarai, amma shekaru suka wuce ba a ɗauki matasa yadda ya kamata ba, har aka sami giɓi tsakanin dattawa da na bayansu.

A wannan lokaci ne cibiyoyin duniya suka ƙara ƙarfi a ƙasar Kano. Cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan cikin 1967, ta buɗe tasha a Kano cikin 1990, wani masanin wake ɗan Indiya, B. B. Singh, ya zauna a nan shekaru yana fitar da wake mai saurin nuna, da mai jure wa ƙuduji. Cibiyar ICRISAT, mai hedkwata a Indiya, ta yi aikin dawa a Bagauda. Cikin 1992 kuma shirin Sasakawa, wanda Borlaug yake cikin shugabanninsa, ya fara aiki da manoman Kano da Kaduna. Ta hannun irin waɗannan cibiyoyi ne wata sabuwar al'ada ta shigo, wadda ita ce yau ta zama hanyar yawancin matasan masu bincike.

Gardin ilmin zamani

Mai karatu ya san yadda tsangaya take. Almajiri ba ya sauke Alƙur'ani yau, gobe a kira shi alaramma. Sai ya zama gardi tukuna, ya bi wani babban malami, ya yi ta tilawa da satu, ya koyar da ƙananan yara, har ya ƙware, kāna ya kafa tasa makaranta. To, haka ilmin zamani ya koma. Wanda ya gama digiri na uku yakan je ya zauna ƙarƙashin wani babban masani shekara biyu ko uku, ana biyansa, yana bincike, yana buga sakamakonsa a mujallun masana, kafin a yarda ya riƙe aiki da kansa. Wannan al'ada ta yi ƙarfi a Amurka tun daga 1919, sa'ad da aka fara ba sababbin daktoci irin wannan tallafi da kuɗin Gidauniyar Rockefeller, daga can ta bazu cikin duniya. A fannin ilmin abubuwa masu rai ta fi yawa, har ya zama da wuya a ɗauki mutum babban aiki in bai yi ta ba.

Amfaninta a fili yake. Sabon dakta yakan koyi abin da ba a koya masa a aji ba, kamar yadda ake neman kuɗin bincike, da yadda ake tafiyar da ma'aikata, da aiki da na'urorin duba ƙwayoyin gado na tsiro. Amma akwai bambanci babba tsakaninsa da mutanen zamanin Sardauna. Shi kwantiragi gare shi, ba kujera ba. Kuɗin da ake biyansa na wani shiri ne da masu ba da taimako suka ɗauki nauyinsa, in shirin ya ƙare, albashi ya ƙare. Tun bai cika shekara ba ya fara rubuta takardun neman wani wuri.

In wa'adin ya cika, hanyoyi huɗu ne a gabansa. Ko ya sami koyarwa a jami'a, inda yawan ɗalibai kan cinye lokacin bincike. Ko ya shiga cibiyar bincike ta Gwamnati, in an buɗe ɗaukar ma'aikata, abin da ba kullum ake yi ba. Ko ya tafi kamfanin iri ko na maganin ƙwari, ko ƙungiyoyin raya karkara, inda albashi ya fi, amma binciken ya zama na abin da za a sayar bana. Ko kuwa ya haye jirgi, ya yi gardanci na biyu da na uku a wata ƙasa, har 'ya'yansa su girma can.

Ba a zauna haka kawai ba, an yi ƙoƙari. Cikin 2007 aka buɗe wata cibiya a Jami'ar Gana, ana kiranta WACCI, don horar da masu gyaran iri na Afirka ta Yamma, da sharaɗin ɗalibi ya yi gwajinsa a ƙasarsu, bisa amfanin gonar ƙasarsu. Cikin 2011 aka yi dokar asusun TETFund, wanda ke biya wa malaman manyan makarantun Gwamnati kuɗin ƙaro ilmi da na bincike. Cikin 2012 Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen maƙwabta. Saboda haka yanzu ana iya yin dakta a gida. Sai dai asusun nan wanda ya riga ya sami aiki yake taimaka wa. Wanda ya gama karatu bai sami kujera ba, shi ne har yanzu yake tsaye a rana.

Darasi daga gona

Me ya sa wannan zai dami manomin Bunkure, wanda bai taɓa shiga jami'a ba? Ga misali uku.

Cikin 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka wajen hekta 700,000 a Arewa, ta taimaka wajen rushe dalar gyaɗa ta Kano. An san irin da ke jure mata, amma mai daɗewa ne a gona, bai dace da gajeriyar daminar Kano ba. Sai cikin 2001 Samaru, tare da ICRISAT, ta fitar da iri mai jurewa kuma mai saurin nuna. Shekara ashirin da shida ke nan.

Na biyu, waken nan mai kāre kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanso, wanda ake kira SAMPEA 20-T. Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku na Samaru ya jagoranci aikinsa a Nijeriya, aka fara gwaji a killataccen fili cikin 2009, ba a sake shi ga manoma ba sai Disamba 2019. Akwai masu jayayya a kan irin da aka sa wa ƙwayar gado daga wata halitta, kuma jayayyar tana nan. Amma ko mai yarda ko mai ƙi, kowa ya ga aikin ya ci shekara goma a hannun mutanen da ba su tashi daga wurin ba.

Na uku shi ne wanda ya fi zafi. Akwai wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi, asalinsa Amurka ta Kudu, masana na kiransa Tuta absoluta. Ya shiga Sifen cikin 2006, ya bi ta Afirka ta Arewa, aka gan shi a Nijeriya cikin 2015. Tsutsarsa cikin ganye take shiga ta yi rami, saboda haka feshi ba ya samunta sosai, ga shi kuma tana saurin sabawa da magani. Manoman Kano suka sa mata suna Sharon. Cikin 2016 ta cinye gonakin tumatir na Kadawa da Kura da na Jihar Kaduna, kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba, masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa cikin Maris na shekarar ta tsaya don rashin kaya. Mutane suka yi ta feshi har aljihu ya ƙare, waɗanda suka ci bashi suka shiga uku. Masana na cibiyar binciken kayan lambu, mai reshe a Bagauda, da na jami'o'i, suka tashi suka koyar da sa tarko mai ƙanshin macen ƙwaron, da sauya magani, da ƙone ragowar gona. Amma ƙwaron ya yi shekara tara yana tahowa, ana rubuta labarinsa ƙasa bayan ƙasa. Da akwai isassun masana ƙwari da aka zaunar, aka ba su abin aiki, aikinsu kawai su sa ido, da an tare shi da shiri. Ya kuwa sāke ɓarna cikin 2023.

Ga inda lissafin ya tsaya. Iri yana son shekara goma, ƙwaro yana son a yi ta tsaronsa ba ranar hutu, amma saurayin da ya fi kowa ƙarfin yin aikin an ba shi shekara biyu. In ya tafi, yakan tafi da abin da ba ya cikin rahoto, watau sanin wace gona ce ke riƙe ruwa, wane layi ne ya yi alkawari bara, wane manomi ne in ya faɗi magana a kan tsiro ba a musa masa. Wanda ya gaje shi sai ya faro daga farko.

Cikin 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don gyaran manyan wuraren noman rani na Arewa, har da na Kogin Kano, aka yashe magudanai, aka gyara ƙofofin ruwa. Wannan abin godiya ne. Abin da ya rage shi ne a yi wa mutum irin tanadin da aka yi wa magudana. Jami'o'i da cibiyoyin Gwamnati su buɗe gurabe na sababbin daktoci da kuɗin gida, wa'adin ya yi tsawon da zai isa a ga ƙarshen gwaji, wanda ya nuna ƙwazo kuma ya san akwai kujera a gabansa. Attajiran da ke cin ribar shinkafa da tumatir su ma suna da hakki a wuyansu, gama ɗaukar nauyin masanin ƙwari ɗaya a Kadawa bai kai asarar rani ɗaya ba. Hausawa sun ce, da sabon gini gara yaɓe. Mutanen nan an riga an haife su, an riga an koyar da su, da yawansu kuwa 'ya'yan manoman ƙasar nan ne. Abin da suke nema shi ne wurin zama.

Allah ya ba shugabanninmu ikon gane haka, ya sa albarka a ruwanmu da gonakinmu, amin.